Yadda Ake Haɗa Ɗan Akwatin Ado da Takardu Masu Launi Hawa-Hawa

Idan ka manna fallen takarda goma sha biyar, kowanne da launinsa, ka danne su har suka bushe, abin da za ka ɗaga allo ne mai tauri, wanda in ka ƙwanƙwasa shi sai ya yi ƙara kamar siririn katako. Daga sama launi ɗaya kaɗai ido ke gani. Amma da zarar ka sa samfefa ka goge wani wuri a jirge, sai launukan da ke binne su riƙa leƙowa ɗaya bayan ɗaya, zobe cikin zobe. Da wannan allo za mu haɗa ɗan akwati mai murfi, faɗinsa santimita 8, wanda zai ɗauki zobe da 'yan kunne, ko allura da maɓallai.

Dabarar tsohuwa ce. Masu sana'a a ƙasar Sin, tun zamanin daular Song, suna shafa wa kwanuka da akwatuna ƙaron itace hawa-hawa, ja da baƙi, sannan su sassaƙa kwarmi a jiki don layukan launin su bayyana. Mutanen Japan suna kiran wannan aiki guri. Nasu yakan ci watanni, saboda kowane hawa sai ya bushe kafin a ɗora wani. Da takarda da gam, mako ɗaya ya ishe ka, kuma yawancin makon jira ne.

Takarda

A nan aikin yake tashi ko ya faɗi, don haka kada ka yi gaggawar saye. Takarda mai launi iri biyu ce. Akwai wadda aka rina tun tana niƙaƙƙen itace a jiƙe, launin ya ratsa ta ciki da waje. Akwai kuma wadda farar takarda ce aka buga wa launi a fuska kawai. A ido duk ɗaya suke. Yagi ɗan gefe ka duba bakin yagin: in ka ga fari a tsakiya, ajiye ta, domin duk inda ka goge fari zai fito ya shanye launin. Ta farkon kake nema. Haka nan ka guji takarda mai sheƙi ko mai santsin roba, gam ba ya kama ta da kyau.

Ana auna nauyin takarda da giram a kan kowace murabba'in mita, kuma lambar tana rubuce a jikin kunshin. Takardar da ake bugu da ita a ofis giram 80 ce, kaurinta wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita. Shi ya sa kunshin falle 500 yake kai kimanin santimita 5. Wadda na fi so a wannan aiki ita ce mai giram 160, wadda ta ninka waccan kauri. Falle 15 nata suna ba da allo mai kaurin milimita 3 ko ɗan sama da haka. In mai giram 80 ce a hannunka, za ta yi, sai dai ka tanadi falle 30, kuma ka san ta fi saurin yamutsewa idan ta sha gam. Girman A4, wato milimita 210 da 297, ya isa a fitar da dukkan sassan akwatin daga allo guda, har a sami ragowa.

Sauran kayan ba su da yawa: farin gam, buroshi mai faɗi, rular ƙarfe, wuƙar yankan takarda mai sabon baki, fensir, sukwaya (ma'aunin kusurwa na kafintoci), samfefa mai lamba 120 da 240 da 400 (ƙaramar lamba ta fi kaushi), kwalba mai sumul ɗin jiki, alluna biyu shimfiɗaɗɗu, leda, tsofaffin jaridu, tef ɗin takarda, da banish, wato abin da ake shafa wa katako ya yi sheƙi. Game da gam, na makaranta yana aiki, amma irin wanda kafintoci ke haɗa katako da shi ya fi, saboda yana bushewa da tauri. Na makarantar yakan zauna da ɗan danƙo, sai ya riƙa toshe samfefa.

Kafin ka taɓa gam, nemi jijiyar takardar. Takardar inji zarenta suna kwanciya ne ta fuska ɗaya. Lanƙwasa falle a hankali ta tsawo, sannan ta faɗi: inda ya fi saurin ba da kai, layin lanƙwasar yana bin jijiya ne. Muhimmancin wannan shi ne, idan takarda ta jiƙe, tana buɗewa ta gicciyen jijiya fiye da ta tsawonta, kuma idan ta bushe sai ta tsuke ta nan. In wasu fallaye sun ja gabas wasu sun ja arewa ba bisa tsari ba, allon zai kantare. Ka sa wa kowane falle 'yar kibiya da fensir, ka jera su kibiyoyin na kallon wuri guda.

Jerin launuka

Wannan shi ne wurin da nake daɗewa a kai, don abin da ka binne yanzu shi za ka tono daga baya, kuma babu gyara. Yanki 'yan ƙyallaye daga kowane launi, ka jera su kamar matakala, kowanne ya ɗan leƙo daga ƙarƙashin na samansa. Abin da ka gani nan shi ne abin da samfefa za ta fito da shi.

Launuka biyu masu duhu idan suka yi maƙwabtaka sukan haɗe su zama abu ɗaya a ido, don haka ka raba su da mai haske. Falle ɗaya siririn layi yake bayarwa, falle biyu ko uku masu launi ɗaya su ba da ɗamara mai faɗi, kuma cakuɗa sirara da masu faɗi shi ke sa zanen ya yi rai. Launi huɗu ko biyar sun isa. In sun wuce haka ido yakan rasa inda zai tsaya.

Ga jerin da za ka iya farawa da shi, daga sama zuwa ƙasa: baƙi biyu, rawaya ɗaya, ja biyu, fari ɗaya, shuɗi uku, fari ɗaya, ja biyu, rawaya ɗaya, baƙi biyu. Goma sha biyar ke nan. Lura cewa ta sama ka karanto ko ta ƙasa, jerin ɗaya ne. Da gangan ne. Allon da fuskokinsa biyu suka yi daidai ba ya yawan kantarewa, sannan kowace fuska ka ga dama za ka iya mayarwa waje. Na fi son mai duhu a fuska, domin launukan ciki sun fi tashi a kansa.

Gwaji ɗaya ya rage. Manna ƙyallen ja a kan fari ka bar shi minti goma. Wasu rinin suna zuba idan sun ji danshi. In jan ya ɓata farin, sauya takardar ko ka raba su.

Manna fallayen

Zuba gam a ƙaramin kwano, ka sirka shi da ruwa kaɗan, kamar cokali ɗaya na ruwa ga cokali biyar na gam, yadda buroshi zai ja shi ba tare da turjiya ba. Kada ya tsinke. Duk ruwan da ka ƙara, takarda ce za ta sha, kuma kai ne za ka zauna jiran fitarsa.

Kada ka manna duka goma sha biyar a zama ɗaya. Raba su kashi uku, biyar-biyar. Shimfiɗa leda, ɗora fallen farko, shafa masa gam daga tsakiya zuwa gefe, siriri amma ko'ina ya samu, har kusurwoyi. Duk inda buroshi ya tsallake, nan zai zama kogo a cikin allon, kuma ranar guga zai buɗe maka baki. Dakata kamar daƙiƙa ashirin takardar ta sha ta miƙe. Sai ka ɗauko falle na biyu, ka daidaita gefe guda tukuna, ka kwantar da sauran a hankali kana bi da tafin hannu. Mirgina kwalba a kai daga tsakiya zuwa waje, da ƙarfi, har iska da rarar gam su fita ta gefe. Goge rarar da tsumma, ka ci gaba har biyar.

Sa wannan kashi tsakanin leda biyu, ka ɗora allo da nauyi, littattafai masu kauri ma sun isa. Yi kashi na biyu da na uku haka. Bayan awa biyu ko uku, ka fito da su ka manna ukun wuri guda, kana duba jerin launin sau biyu kafin ka ɗora, don a nan ake juya kashi a kife ba a sani ba.

Yanzu sai danna. Awa ɗaya ta farko ka bar ledar, saboda gam ɗin da zai tsattsafo. Daga nan cire ta, don leda tana tsare danshi. Sa farar takarda a kowace fuska, jaridu masu yawa a bayanta, sannan alluna da nauyi. Farar takardar tana hana tawadar jarida ɓata aikin. Sauya jaridun safe da yamma, kana juya allon. Kwana uku shi ne mafi ƙaranci, in iska na da laima ka ƙara biyu. Kada ka kai shi rana ko kusa da wuta, fuska ɗaya za ta riga ɗayar bushewa ya lanƙwashe.

Yadda za ka gane ya bushe: ɗora shi a kuncinka. In ka ji sanyi, da sauran ruwa a ciki. Allona na farko kwana ɗaya na ba shi, don na ƙagu in ga launukan. Waje ya yi ƙarau, amma da wuƙa ta kai tsakiya sai ta riƙa jan takardar kamar ɗanyen ƙullu, jan ya shafe farin, gefen ya yi gashi-gashi. Dole na sake sabo.

Awo da yanka

Fara da datse santimita ɗaya daga kowane gefe, domin bakin allon ba ya taɓa yin daidai. Yi amfani da sukwaya ka tabbatar kusurwa ɗaya ta tsaya cak, daga ita za ka auna komai. Sannan auna ainihin kaurin allonka. Lissafin da ke tafe na mai kaurin milimita 3 ne.

Sassa bakwai ake buƙata. Gindi: milimita 80 da 80. Saman murfi: 80 da 80. Dogayen bango biyu: 80 da 40. Gajerun bango biyu: 74 da 40. Toshin murfi, wanda zai shiga bakin akwatin: 73 da 73. Dalilin 74 shi ne gajerun bangon suna shiga ne tsakanin dogayen, don haka an cire kaurin allo sau biyu daga 80. In naka allon milimita 3.5 ne, gajerun za su zama 73, toshin kuma 72. Toshin kullum ya gaza cikin akwatin da milimita ɗaya, don murfin ya shiga ya fita ba kokawa.

Wajen yanka, ɗora allon a kan kwali mai kauri ko katakon da ba ka so. Danne rular ƙarfe da kyau, yatsunka nesa da bakinta. Kada ka nemi raba shi da ja ɗaya. Ja na farko a hankali, don buɗe hanya kawai, sannan ka yi ta bin wannan hanya sau goma, sau goma sha biyar, har ya rabu da kansa. Wuƙar ta tsaya a miƙe, in ta karkata bangon ba zai zauna daidai a kan gindi ba. Da ka ji ta fara ja maimakon yanka, sauya baki. Dakusasshiyar wuƙa ita ke sa mutum ya danna da ƙarfi, kuma a nan take zamewa ta sami hannu. In yaro ne ke aikin, wannan mataki na babba ne.

Shimfiɗa samfefa mai lamba 240 a kan teburi, ka riƙe kowane sashe a tsaye ka goga bakinsa kaɗan don ya yi sumul. Dubi bakin yanzu: fallaye goma sha biyar a jere. Adana ragowar allon, za a yi gwaji da mariƙi da ita.

Tono launukan

Ya fi sauƙi a yi adon tun sassan suna kwance, kafin a haɗa. Sa takunkumi, don ƙurar tana da laushi ƙwarai. Kuma fara da ragowa, hannunka ya saba.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, gangare ke faɗaɗa launi. Kowane falle kaurinsa kashi biyu cikin goma na milimita ne kawai. In ka yanka a tsaye, iyakar abin da za a gani ke nan, kamar silin gashi. Amma in ka goge a kwance, yadda sai an yi tafiyar milimita goma kafin a nutsa milimita ɗaya, wannan fallen zai bayyana da faɗin milimita biyu. Saboda haka zurfi ba shi ne abin nema ba, kwanciyar gangaren ita ce.

Hanya mafi sauƙi ita ce tafki. Naɗa samfefa mai lamba 120 a ɗan yatsa ko a kan wani abu mai zagayen kai, ka riƙa gogawa a wuri ɗaya kana juyawa. Baƙin zai huje, rawaya ta leƙo kamar ido, ta buɗe, ja ya fito a tsakiyarta, sai fari, sai shuɗi. Da ka ga shuɗi ka tsaya, ka kai tsakiyar allo, in ka wuce bangon zai yi rauni. In ka yi tafkuna biyu kusa da juna har zobbansu suka haɗe, sai su ba da zane kamar na idon katako. Wannan shi na fi so a kan murfi.

Ta biyu ita ce kwarmi. Zana layi da fensir, ka yanka ta wannan gefen wuƙa a karkace, ka yanka ta wancan gefen a karkace, su haɗu a ƙasa, ka ɗaga ɗan tsinken da ya fita. Sai ka ninka samfefa ka bi cikin kwarmin ka buɗe shi. Layuka miƙaƙƙu sun fi sauƙi, masu lanƙwasa suna son haƙuri da sabon baki. Idan kana son rami mai tsawo mai lallausan gangare, naɗa samfefa a jikin fensir ka yi ta kai da komo.

Bar milimita 6 daga kowane baki ba tare da ka taɓa ba, wurin gam ne. Kuma kada ka cika fuskar da ado. Baƙin da ka bari shi ke sa launukan su yi magana. Idan ka gama da 120, bi da 240, kana gogawa daga sama zuwa cikin ramin, don kada ka ɗaga bakin fallayen. In wani baki ya ɗago, sa masa ɗigon gam da tsinke, ka danne, ka bar shi ya bushe kafin ka koma.

Haɗa akwatin

Jera komai ba gam tukuna, ka ga ko sun zauna. Bangon huɗu a kan gindi suke tsayawa, gajeru tsakanin dogaye. Inda ya yi tsawo, goge. Idan ka gamsu, ɗauko gam wanda ba a sirka ba. Shafa siriri a ƙasan dogon bango ɗaya, ka kafa shi a kan gindi, ka jingina sukwaya a ciki. Sai gajerun biyu, da gam a ƙasansu da gefunansu, sannan dogon na ƙarshe ya rufe. Ɗaure kusurwoyin da tef ɗin takarda, amma ka fara manna tef ɗin a jikin rigarka sau ɗaya don ƙarfinsa ya ragu, kada ya ɗauke fuskar takardar wajen cirewa. Goge gam ɗin da ya fito ta ciki da ɗan tsumma mai laima. Auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarorin biyu: in awon ya zo ɗaya, akwatin bai karkace ba. Ɗora ɗan littafi a sama, ka bar shi ya kwana.

Murfin kuwa, kifa samansa, ka ja layi milimita 3.5 daga kowane baki, ka manna toshin a cikin layukan. Kafin gam ya kama, ɗora murfin a kan akwatin a hankali ka ga ya zauna daidai da bangon, ka gyara, ka cire shi, ka danne shi shi kaɗai. Don mariƙi, yanki 'yan murabba'ai uku daga ragowa, masu faɗin milimita 15, ka manna su bisa juna, in sun bushe ka goge su su zama dunƙule, ka kafa a tsakiyar murfi.

Washegari cire tef, ka rufe murfin, ka goge ɓangarorin a kan shimfiɗaɗɗiyar samfefa kaɗan-kaɗan har mahaɗan su daidaita. Sannan ka kashe kaifin kusurwoyi da gefunan murfi. A nan ma launuka za su fito, su zagaye akwatin kamar an yi masa dajiya, kuma su ɓoye mahaɗan.

Shafe

Takardar da aka goge takan yi ɗan gashi, launinta kuma ya dushe saboda ƙura. Kaɗe ta da busasshen buroshi. Gwada banish ɗinka a kan ragowa tukuna, domin yana ƙara wa launi duhu. Wanda ake sirkawa da ruwa yana bushewa garau, mai mai kuwa yakan ja zuwa rawaya da daɗewa, ya sauya maka fari da shuɗi. Na ruwan nake zaɓa, amma shafin farko ya zama siriri ƙwarai, buroshin kusan a bushe, don kada takardar ta kumbura.

Idan ya bushe za ka ji jikin ya yi kaushi, gashin ne ya miƙe ya ƙage. Bi shi da samfefa mai lamba 400, hannu sake, ka kaɗe, ka sake shafawa. Sau uku haka ya isa. Gefen toshin murfi da bakin akwatin ta ciki shafi ɗaya kawai za ka yi musu, don kowane shafi yana cin wannan rabin milimita da ka bari. Murfin da akwatin kowanne ya bushe daban, kuma kada ka rufe shi sai bayan kwana biyu, in ba haka ba za su manne da juna. In ka zo rufewa ka ji ya ɗan cije, goga kyandir a gefen toshin.

Banish yana kare shi daga dattin hannu da ɗan feshin ruwa, amma har yanzu takarda ce, ba a wanke ta, sai dai a goge da busasshen tsumma. Rinin takarda kuma yana koɗewa a rana, don haka ka nema masa wuri nesa da taga.